Yadda muka ziyarci haikalan Hoysala uku a kudancin Indiya: Belur, Halebidu da Somanathapura

Wanda ya taɓa zama a Bangalor, ko karatu ya kai shi ko jinya ko kasuwa, da wuya bai ci karo da hoton wata mace ta dutse ba, riƙe da madubi tana duba fuskarta, a takardun tallan yawon buɗe ido na jihar Karnataka. Wannan sassaƙar tana garin Belur ne, a jikin wani haikali da Sarki Vishnuvardhana na daular Hoysala ya fara ginawa a 1117. Haikalin Belur da na Halebidu da na Somanathapura su ne ukun da Hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2023. Mu biyu muka bi su cikin kwana uku, kuma rabin yini guda ya salwanta mana saboda rashin sanin abubuwan da ba su fi a faɗa wa mutum cikin minti biyar ba. Shi ya sa na tsara yadda abin ya gudana daki-daki.

Aikin ya fara tun daga gida, kuma allura ce farkonsa kafin biza. Indiya ba ta wasa da katin rigakafin shawara ga duk wanda ya taso daga ƙasar da cutar take, kuma Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk suna ciki. Katin ba ya fara aiki sai an yi kwana 10 da yin allurar. Wanda ya sauka ba shi da kati, ko katinsa bai cika kwanakin ba, ana iya killace shi har kwana 6. Mun yi tamu a sashen lafiya na filin jirgi, muka karɓi katin nan ruwan ɗorawa. An kuma nemi shaidar ɗigon foliyo a lokacin tafiyarmu, wanda ake so a yi makonni huɗu kafin tashi, don haka wanda ya bar wannan sai ya sayi tikiti zai ga lissafinsa ya rikice. Bayan nan muka cike fom ɗin biza ta intanet, muka buga shi a takarda, muka haɗa da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida (inci biyu tsawo, inci biyu faɗi, bayansa fari), da takardar banki, da shaidar masauki da ta tikitin komowa, muka kai ofishin jakadancin Indiya a Abuja. Sun ɗauki zanen yatsu, sun yi 'yan tambayoyi kan inda za mu da abin da zai kai mu. Rubuta sunayen garuruwan a jere da kwanakinsu ya sauƙaƙa wannan zama ƙwarai. Sai da aka shafe kusan mako uku fasfo ya fito. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Kano ko Abuja zuwa Bangalor, sai an yada zango a Adis Ababa ko Doha.

A Bangalor abu biyu muka fara yi: layin waya da canji. Layin waya yana buƙatar kwafin fasfo da na biza da hoto, kuma ba nan take yake buɗewa ba, namu sai da ya yi wasu sa'o'i. Batun kuɗi ya fi muhimmanci. 'Yan ƙasar kusan komai da waya suke biya, har mai sayar da kwakwa a bakin titi yana da alamar da ake haskawa da waya, amma tsarin yana rataye ne da asusun bankin Indiya, baƙo ba ya samun shiga cikin sauƙi. Don haka tsabar kuɗi ce abin dogaro, kuma ƙanana: 'yan rupi 10 da 20 da 50 da 100. Mai ajiye takalma ba shi da canjin 500, kwandasta ma sai ya rubuta maka sauran canjinka a bayan tikiti, in ka manta ka sauka shi ke nan.

Daga babbar tashar Kempegowda, wadda kowa ke kira Majestik, muka hau bas ɗin gwamnatin jiha zuwa Hassan da ƙarfe bakwai na safe. Tafiyar kimanin kilomita 180 ce, ta ci mana sa'a huɗu har da tsayawar karin kumallo. Allunan da ke gaban motocin da rubutun Kannada suke, harshen jihar, ba ka iya karanta komai, sai dai ka faɗi sunan garin ga kwandasta ya nuna maka. Kujerun gaba na mata ne. Hassan shi ne garin da ya dace a yi masauki, domin Belur tana kimanin kilomita 40 daga nan, Halebidu kimanin 30, tsakanin su biyun kuma kilomita 16, wato kamar duwatsun murhu uku.

A Hassan muka gamu da cikas na farko. Doka ta wajabta wa duk masaukin da ya karɓi ɗan ƙasar waje ya cike wata takarda da ake kira Fom C ya aika wa hukumar shige da fice. Ƙananan masaukai da yawa ba su yi rajistar wannan ba, saboda haka da sun ga fasfo sai su ce babu ɗaki. Wurare biyu suka mayar da mu, muna janye da jaka cikin rana, kuma ba zan ɓoye ba, a wuri na biyu raina ya sosu don na ɗauka launin fata ne dalili, sai da mai masauki na uku ya bayyana mana batun takardar. Maganin abin shi ne a kira kafin a taso, a tambaya kai tsaye ko suna karɓar baƙin ƙasar waje kuma suna cike Fom C. A riƙe kwafin fasfo da biza kamar biyar. Wani abin ruɗarwa kuma, a can kalmar otal galibi gidan abinci take nufi. Wurin kwana loj suke ce masa.

Cikas na biyu mu muka jawo wa kanmu. Muna ajiye kaya muka hau ƙaramar bas zuwa Belur, muka isa wajen ɗaya da rabi na rana. Ana cire takalma tun daga wajen babbar ƙofa, a ba mai ajiya, ya ba ka lamba, kuɗin bai wuce rupi 10 ba. Farfajiyar haikalin shimfiɗe take da dutse, kuma a wannan lokacin ta yi zafin da ba ta takuwa, sai a kan wata doguwar shimfiɗa da aka ja daga ƙofa zuwa gini. Ɗakin can ciki kuma, inda gunkin yake, an rufe shi, domin Belur wurin bauta ne da ake amfani da shi kullum, yana da lokutan buɗewa da rufewa. Mafi muni, rana tana tsaka, haskenta ya daki bango daga sama, sassaƙar ta baje ba inuwa, su kuwa siffofin da ke ƙarƙashin indararo sun shige duhu. Mun yi minti arba'in muna ɗingishi daga inuwa zuwa inuwa, muka haƙura muka koma Hassan. Da yamma muka yi ciniki da mai tasi a kan rupi 2,500 ya ɗauke mu washegari ya zaga da mu garuruwan biyu ya dawo da mu, tare da sharaɗin cewa jira yana cikin kuɗin kuma ba za a tsaya a shagon kowa ba. Wannan sharaɗi na biyu a faɗe shi tun a wajen ciniki.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi muna bakin ƙofar Belur. Shiga kyauta ce. Doguwar hasumiyar da ke kan ƙofar ba aikin Hoysala ba ce, ta zamanin daular Vijayanagara ce da ta zo bayansu, don haka kada mutum ya ɓata lokacinsa a kanta. Da ka ratsa ta za ka ga gini gajere mai faɗi, duhu-duhu, kamar an yanke masa kai. Haka ɗin ne: hasumiyarsa ta asali ta lalace, aka sauke ta a ƙarni na 19. Masu jagora suna tsaye a nan da katin shaida rataye a wuya. Mun ɗauki ɗaya a kan rupi 500 na kimanin sa'a guda, kuma kuɗin ya biya kansa, amma da wata dabara: ka bar shi ya gama zagayensa da labaransa, ka sallame shi, sannan ka sake zagayawa kai kaɗai a hankali. Shi yana sauri ne don ya kama wasu baƙin.

Abu uku ne in mutum ya riƙe su zai gane duk haikalan nan. Na farko dutsen. Wani irin dutse ne mai santsi kamar sabulu, launinsa tsakanin toka da kore, wanda yake da taushi lokacin da aka haƙo shi, sai ya yi ta ƙara tauri in ya sha iska. Shi ya ba masassaƙa damar yin aikin da ya fi kama da na maƙerin zinariya: sarƙa mai zobba a rarrabe, tsakiyar wuya ƙwaya-ƙwaya, igiyoyin ganga da yatsun makaɗi suka shige ƙarƙashinsu. Na biyu siffar ginin. Bangon ɗakin ciki yana tafiya ne a lanƙwashe, shiga da fita, kamar tauraro mai tsinaye da yawa. Wannan ya ninka faɗin bangon da za a sassaƙa, ya kuma sa kowace fuska tana samun haske da inuwa daban. Na uku dakalin. Ginin yana zaune a kan wani dakali mai faɗi da ya bi siffar tauraron, ana kiransa jagati, kuma a kansa ake zagayawa, ginin yana hannun damanka. Labaran da ke jikin bango an jera su ne bisa wannan zagaye. Wanda ya bi ta hagu zai ga ƙarshen labari kafin farkonsa, ga shi kuma zai yi ta karo da masu ibada.

Bangon kuwa daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama. Sahun farko giwaye ne, a Belur sun kai kimanin 650, suna biye da juna kamar su ke ɗauke da ginin, kuma in ka durƙusa ka duba za ka ga kowace da yadda ta riƙe haurenta da hancinta. Sama da su sahu-sahu ne na zakuna da dawakai da reshen itace mai naɗewa. Amma abin da Belur ta yi suna da shi yana can sama, inda ginshiƙi ya haɗu da indararo: siffofin mata 42 da ake kira madanika, 38 a waje, 4 a ciki, kowace an sassaƙa ta daga dutse guda an kafa ta a karkace tana kallon ƙasa. Mai madubin nan tana kusa da ƙofar gabas. Akwai mai magana da aku, akwai mafarauciya, akwai wadda biri ke jan zanenta, akwai inda ƙadangare ya lallaɓo zai cafke ƙuda a kan ɗan itace. Suna da tsayi daga ƙasa, ido kawai ba ya ƙoshi, don haka ƙaramin madubin hangen nesa ko kyamara mai jawo abu kusa shi ne kayan aiki mafi amfani a tafiyar nan. A gindin wasu daga cikinsu akwai sunayen masassaƙan da suka yi su, irin su Dasoja da ɗansa Chavana mutanen Balligavi. Wannan ya burge ni fiye da komai a Belur, domin yawancin manyan gine-ginen da sai dai a san sunan sarkin da ya biya, a nan kuwa mai guduma ma ya bar nasa.

Cikin zauren akwai duhu, ka tsaya minti biyu ido ya saba. Ginshiƙai 48 ne, wasu zagayayyu sumul da zobba-zobba, irin yadda kafinta ke fitar da ƙafar gado a injin juyi, har suna ƙyalli. Biyu ne ba a wucewa: ginshiƙin Narasimha da aka lulluɓe da ƙananan siffofi daga sama har ƙasa, an bar ɗan wuri guda fili wanda masu jagora ke cewa ƙalubale ne ga duk mai jin ya iya, da kuma ginshiƙin Mohini. Silin na tsakiya ba ya ganuwa sai da fitila. Akwai mai haska babbar fitila in an ba shi ɗan abin hannu, mun ba da rupi 30. Ana ɗaukar hoto a waje da cikin zaure, amma ban da ɗakin gunki. Sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku tana buƙatar izini daga hukumar kula da kayan tarihi, jirgi marar matuƙi kuwa kada ma a fito da shi.

Ga inda Musulmi ko Kirista yake buƙatar sanin abin yi tun kafin ya shiga. A Belur da Halebidu ba a hana wanda ba Hindu ba shiga, saɓanin wurare irin su Jagannath a Puri ko Guruvayur a Kerala inda aka hana. Amma gaban ɗakin gunki layin masu ibada ne. Mai hidimar haikali, pujari, yana fitowa da faranti mai wuta, mutane su shafa hannu a kai su kai fuska, ya zuba musu ruwa a tafi da ƙaramin cokali, ya ba da jan gari na goshi, a haikalin Vishnu irin na Belur kuma (Vishnu ɗaya ne daga manyan allolin Hindu) ya ɗora wa kowa wani ƙarfe mai kama da hula a ka. Duk wanda ya tsaya a layin za a yi masa. Mu da kallon aikin hannu ya kai mu, sai muka tsaya can gefe wajen ginshiƙai. Sau ɗaya pujari ya nufo mu da farantin, na dafa ƙirji na ɗan ja da baya, ya gyaɗa kai ya wuce, ba wani ɓacin rai. Haka in an miƙo maka abincin da aka gabatar wa gunki, prasada, dafa ƙirji ya isa. Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da shiga zauren, ya tambayi malaminsa tun daga gida, ya kuma sani cewa mafi yawan abin kallon a bangon waje yake. Tufafi su rufe kafaɗa da gwiwa. Jallabiya da hijabi ba su jawo mana komai ba sai neman hoto daga 'yan makaranta. Kada a jingina da sassaƙa, kada a miƙe ƙafa ana fuskantar ɗakin ciki. Mai tafe da yara ya san cewa siffofin matan ba su da cikakkiyar sutura, kuma a sahun ƙananan hotuna akwai 'yan wurare ƙalilan da ke nuna saduwar mace da miji. Wani abu da mai jagoranmu ya faɗa da ya ga hulata: an daɗe da al'adar cewa ranar bikin jan karusar haikalin, wani malamin Musulmi daga ƙauyen kusa yakan zo ya yi karatun Alƙur'ani kafin a fara ja, ko da yake a shekarun nan an yi ta taƙaddama a kai.

Mun fito wajen sha ɗaya, dutse ya fara zafi. Abinci a garin Belur muka ci, a gidan da aka rubuta wa alamar ganye zalla, inda babu nama ko kaɗan: shinkafa da miyar wake mai tsami da kindirmo. Gidajen da ake kira otal ɗin soja suna sayar da nama, amma sunan ba ya nufin yankan Musulmi ne, sai an tambaya. Akwai masallatai a Belur da Hassan, direba ya kai mu ɗaya muka yi Azahar da La'asar. A kula, alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, jiki kuwa ya saba da gabas.

Biyu da rabi muka isa Halebidu, kuma da gangan muka jinkirta, don sassaƙar da ta fi kyau tana bangon kudu da yamma, hasken yamma ne ke fito da ita. Sunan garin na asali Dwarasamudra, nan ne babban birnin Hoysala. A 1311 rundunar Malik Kafur, kwamandan Sarkin Delhi Alauddin Khalji, ta afka masa, bayan kimanin shekara goma sha biyar wata rundunar Delhi ta sake zuwa, birnin bai ƙara farfaɗowa ba. Halebidu a harshen Kannada tsohon birni ke nan. Za ka ga fuskoki da hannuwa a karye, za ka kuma ji mai jagora yana faɗin wanda ya karya. Ba daɗin ji gare shi ba ga Musulmi, amma tarihi ne da ya faru, musu ba shi da amfani a wurin; mun saurara, muka ci gaba da kallo.

Haikalin Halebidu, mai suna Hoysaleswara, na Shiva ne, wani daga manyan allolin Hindu, an yi shi a ƙarni na 12, wani babban bafaden Vishnuvardhana mai suna Ketamalla ya ɗauki nauyinsa. Tagwaye ne: ɗakuna biyu a jere da zaure guda ya haɗa su, ɗaya da sunan sarki, ɗaya da sunan matarsa Shantala, gaban kowanne akwai rumfar dutse da ƙaton bijimi a kwance, Nandi. A ganina, in Belur ta fi a cikin zaure, Halebidu ta fi ta nesa ba kusa ba a bango. Sahu takwas ne daga ƙasa: giwaye sama da dubu, zakuna, reshe, mahaya dawakai, wani reshen, sannan sahun labarai, sai makara (dabbar ƙage ce mai bakin kada da hancin giwa da jelar ɗawisu), sai dinyoyi. Sahun labaran yana daidai ƙirji, faɗinsa bai fi taƙi guda ba, amma cikinsa aka jera yaƙe-yaƙen Mahabharata da Ramayana, manyan tsofaffin labaran Hindu guda biyu. A nemi inda aka yi sahun soja mai zagaye kamar dodon koɗi, wanda saurayi Abhimanyu ya san shigarsa bai san fitarsa ba. Sama da wannan manyan siffofi ne da suka kusa kai rabin tsayin mutum. Uku sun cancanci a tsaya a gabansu minti goma-goma: Ravana mai kai goma ya ɗaga dutsen Kailasa, gwiwarsa ta lanƙwashe don nauyi, a kan dutsen ga itatuwa da namun daji da mafarauta, Krishna ya ɗaga dutsen Govardhana shanu da mutane sun fake a ƙarƙashi, da Shiva yana rawa a cikin fatar giwa da ya feɗe, ƙafafun giwar huɗu a kusurwoyi. In ka lura za ka ga wasu wurare an zana ba a sassaƙa ba, wasu an fara an tsaya, domin ba a ƙarasa ginin ba. Waɗannan gurabun su ne ke nuna matakan aikin: a jera dutse a bango, a fitar da siffar a dunƙule, sannan a shiga ƙananan abubuwa. Shiga nan ma kyauta ce. Akwai ƙaramin gidan tarihi a harabar mai tikiti, ba ya buɗewa ranar Juma'a. Kimanin kilomita guda gaba akwai haikalan mabiya addinin Jain da haikalin Kedareshwara, babu cunkoso, ginshiƙan cikinsu baƙaƙe ne masu sheƙi har kana ganin fuskarka. Direbobi ba su son zuwa sai ka nace.

Rana ta uku muka tashi da sassafe zuwa Maisur, sa'a uku a bas, muka ajiye kaya a masaukin da muka riga muka kira, muka ɗauki tasi zuwa Somanathapura, kimanin kilomita 35, kusa da kogin Kaveri. Ana iya zuwa da bas ta Bannur a ƙarasa da a-daidaita-sahu, amma samun abin komowa da yamma yana da wuya, ƙauye ne. Nan ne kaɗai muka sayi tikiti: rupi 300 ga baƙo a lokacin, 25 ga ɗan ƙasa, wanda ya biya ta intanet kuma ana rage masa. Sun duba fasfo. Ana rufewa wajen biyar da rabi. Ba a bauta a cikinsa yanzu, gunkin babban ɗakin na asali ma ya ɓace, don haka babu layi babu faranti, mutum yana shiga ko'ina, sai dai takalma har yanzu a waje ake barin su. Wani kwamandan Sarki Narasimha na Uku mai suna Somanatha ya gina shi a ƙarni na 13, fiye da shekara ɗari bayan Belur, kuma akwai dogon allon dutse a zauren shiga da ke ɗauke da rubutun wannan. Ya fi sauran ƙanƙanta, amma shi kaɗai ne hasumiyoyinsa uku ke nan tsaye, saboda haka a nan ne ido ke ganin yadda tauraron da ya taso daga dakali yake hawa har ƙololuwa ba tare da layin ya karye ba. Ka hau barandar da ta kewaye farfajiyar, ka tsaya a kusurwa, daga nan siffar take fitowa gaba ɗaya. A ciki silin goma sha shida ne, kowane da nasa zane, da yawansu furen ayaba ne a matakan buɗewarsa daban-daban. Tocilar waya ba ta isa, ƙaramar tocila mai ƙarfi ake so. A gindin siffofin waje za ka yi ta cin karo da sunan masassaƙi Mallitamma.

Da za a sake, ga gyaran da zan yi. Ranar isa Hassan ba za mu je ko'ina ba sai neman mota da hutawa. Belur a ba ta sa'a uku daga buɗe ƙofa, Halebidu sa'a uku kafin faɗuwar rana, Somanathapura sa'a biyu, kuma a bi su a wannan jerin don shi ne jerin shekarunsu. Motocin yawon yini guda da ke tasowa daga Bangalor suna haɗa Belur da Halebidu da wani wurin na uku, yawancin yinin a hanya yake ƙarewa, kuma sukan iso da tsakar rana, wato daidai kuskuren da muka yi. Watanni masu dacewa daga Oktoba zuwa Fabrairu ne. Maris zuwa Mayu zafi, Yuni zuwa Satumba ruwa, dakalin dutsen kuma yana da santsi in ya jiƙe. A guji Asabar da Lahadi, a kuma san cewa a Disamba makarantu ke kawo ɗalibai bas-bas, daga ƙarfe goma na safe wurin ya cika. A jaka a sa safa mai kauri (a tambayi mai gadi kafin a shiga da ita), ruwan gora, hula ko laima, tocila, madubin hangen nesa, ƙananan kuɗi da kwafin takardu. Fasfo na asali ya kasance a jikinka, katin rigakafin shawara kuma yana cikinsa, don mu an sake tambayarmu shi a Adis Ababa a hanyar komowa.